Wane aiki za a bar wa katin netwok, wanne za a riƙe wa furosesa

Duk wanda ya taɓa neman katin netwok na saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) a intanet ya ga dogon jerin da masu talla ke rattabawa a ƙarƙashin hoton: TSO, LRO, RSS, TOE, SR-IOV da sauransu, kowanne da alƙawarin zai sauke wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, nauyi. Abokan aikina masu kula da netwok a makarantu da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta a nan Bauchi sukan turo min irin hoton nan ta WhatsApp su ce, "Malam, wanne za mu ɗauka?" Kusan kullum zuciyarsu ta fi karkata ga wanda jerinsa ya fi tsawo. Ni kuwa ra'ayina ya daɗe da zama wuri guda. Ina son kati ya yi aikin ƙarfi mai maimaituwa, wanda ba ya buƙatar tuna komai. Ba na son ya riƙe lissafin haɗin TCP a cikinsa, wato tsarin da ke tabbatar da cewa bayanai sun isa cif-cif tsakanin kwamfuta biyu. Kuma tun kafin a kai ga wannan muhawarar akwai direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, akwai zafin garinmu, akwai jabun kaya, waɗanda su ne suka fi kayar mana da netwok.

Tunanin ɗora wa kati aiki ba daga sama ya faɗo ba. A Ethernet, tsarin netwok na kebul, fakiti ɗaya, wato ƙullin bayanan da ake aikawa, ba ya ɗaukar kayan da ya wuce bait 1500, sai in an buɗe manyan fakitoci na 9000. Layin gigabit 1 in ya cika maƙil, kusan fakiti 81,000 ne ke wucewa a daƙiƙa guda. Na gigabit 10 kuwa sama da 800,000. In ƙananan fakitoci ne na bait 64, adadin yana kai miliyan 14.88, wato furosesa ba shi da ko nanodaƙiƙa 70 a kan kowanne. Lokacin da aka fitar da ƙa'idar Ethernet mai gigabit 10 a 2002, injiniyoyi na da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: gigabit 1 na TCP yana cinye kusan gigahaz 1 na furosesa. Furosesan wancan zamanin kai ɗaya gare shi, wato injin lissafi ɗaya a cikinsa, gudunsa gigahaz 2 zuwa 3. Ka ga wanda ya ce a kwashe TCP gaba ɗaya a kai cikin kati, yana da hujja a lokacin.

Amma saukewar kashi biyu ce, kuma masu talla ba sa son rarrabe su. Kashi na farko ƙananan ayyuka ne. Akwai lissafin tantancewa mai bit 16 da ake maƙala wa kowane fakitin TCP da na UDP, ɗayan tsarin aika bayanai, domin a gane ko ya lalace a hanya. Kati yana yin wannan yayin da fakitin ke wucewa ta cikinsa, ba tare da wata wahala ba. Akwai TSO, inda Linux ko Windows ke miƙa wa kati dunƙulen bayanai har kilobait 64, shi kuma ya yanyanka shi fakiti kusan 45, ya sa wa kowanne kansa. Kashi na biyu shi ne TOE, inda katin ne ke buɗe haɗin, ya ƙirga abin da ya isa, ya sake aika abin da ya ɓace, ya yanke shawarar rage gudu in hanya ta cunkushe. Mai hatsi a kasuwar Muda Lawal zai iya tura wa yaron shagonsa buhu ya ce ya auna mudu-mudu ya ƙulla a leda, kuma hakan hutu ne gare shi. Littafin bashi kuwa, wa ya karɓa, wa ya biya, wa za a ɗaga wa ƙafa, wannan ba ya barin hannun maigida. TOE miƙa wa yaron littafin ne.

A 2005 kamfanin Chelsio mai ƙera katunan netwok ya kai wa masu kula da Linux gyaran da zai ba TOE gurbi. David Miller, wanda ke jagorantar ɓangaren netwok a lokacin, da abokan aikinsa suka ƙi karɓa, kuma har yau Linux na asali ba ya tafiya da cikakken TOE. Dalilansu sun gamsar da ni tun farkon karanta su, kuma shekaru sun ƙara musu ƙarfi. Haɗin da kati ya riƙe ba ya bi ta katangar tsaron Linux yadda ya kamata, ba ya bi ta tsarin rabon gudu. Ma'ajiyar da ke cikin kati ƙarama ce, adadin haɗin da zai iya riƙewa yana da iyaka, alhali saba tana da RAM mai yawa. Sannan furosesa kullum ƙara ƙarfi yake, katin da ka saya kuwa yana nan yadda ka saye shi. Microsoft ta gwada nata a 2006 da sunan TCP Chimney, daga baya ta daina. FreeBSD, wata babbar manhaja irin Linux, na da shi ga katunan Chelsio, ga wanda ya san ainihin abin da yake nema.

Abin da ya fi damuna a ciki shi ne maganar gyara. TCP tsohon tsari ne, tun 1981 aka rubuta ƙa'idarsa, amma bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A 2016 Google ta fito da BBR, sabuwar hanyar auna cunkoso, ta shiga Linux 4.9, kuma tana da amfani sosai a irin layukanmu masu nisa da yawan zubar da fakiti. A watan Yuni na 2019 aka bayyana wata ɓaraka a TCP na Linux da ake kira SACK Panic, wadda wani daga nesa zai iya kayar da saba da ita. Gyara ya fito nan take, muka sabunta muka tashi. In da irin wannan ɓarakar a cikin manhajar da ke binne a kati take, sai ka jira kamfanin da ya ƙera shi, in har yana kula da wannan samfurin. Mu kuwa yawancin katunan da ke zuwa hannunmu tokumbo ne, an cire su daga sabobin Turai da Amurka bayan sun gama zamaninsu. Wa zai fitar maka da gyara? Ƙari a kan haka, tun da aka tabbatar da QUIC a 2021, sabon tsarin aika bayanai da ke hawa kan UDP maimakon TCP, kaso mai yawa na abin da ɗalibai ke buɗewa a YouTube da Google ta UDP yake tafiya. Katin da ya ƙware a TCP ba shi da abin yi a nan.

To su ƙananan ayyukan fa, a kunna su duka? A nan ne nake fara tambayar mutum: na'urar nan saba ce, ko rauta ce? Amsar ita ce ke raba gardama.

Saba ita ce ƙarshen tafiya. Ita ke haifar da bayanai, ita ke karɓarsu. A kanta TSO da lissafin tantancewa alheri ne, ina barinsu a kunne. Rauta ko katangar tsaro kuwa mai wucewa da kayan wasu ce, kuma ƙa'ida ita ce ta miƙa fakiti yadda ta karɓe shi. LRO yana haɗe fakitocin da suka shigo ya mai da su dunƙule ɗaya, a garin haka wasu bayanan kan fakitin su ɓace, ba za a iya mayar da su yadda suke ba. Shi ya sa Linux da kansa yake kashe LRO da zarar ka kunna tura fakiti ko ka sa katin a gada mai haɗa netwok biyu su zama ɗaya, ya koma ga GRO, wanda ke yin haɗewar cikin manhaja da taka-tsantsan, tun Linux 2.6.29 a 2009. Shi ya sa kuma manhajojin rauta da katangar tsaro irin pfSense da OPNsense ke zuwa da TSO da LRO a kashe. Sau da yawa nakan tarar wani ya shiga ya kunna su da hannunsa saboda ya ga kalmar da ke nuna ƙarin gudu, daga nan wasu shafuka su riƙa buɗewa rabi.

Akwai wani lissafi da nake so kowane mai kula da netwok a Bauchi ya yi da kansa. A ce layin da makaranta ke biya megabit 20 ne wajen aikawa. Dunƙulen kilobait 64 ɗaya zai toshe wannan layin na kusan milidaƙiƙa 26 kafin ya gama fita. A layin gigabit 10 ba za a ma ji shi ba. A namu kuwa, malamin da ke darasi ta Zoom zai ji murya na yankewa duk lokacin da wani a ofis ya tura babban fayil. Tsarin rabon gudu na CAKE, wanda ya shiga Linux 4.19 a 2018, yana farfasa irin wannan dunƙulen kafin ya jera shi a layi, saboda wannan dalilin. Wato a bakin ƙofar intanet ɗinmu, abin da ake buƙata kishiyar abin da ake tallatawa ne. Ko waɗanda suka sa Starlink tun shigowarsa Najeriya a 2023, abin da suke samu bai kai gigabit ba, kuma ƙaramin furosesa mai kai huɗu yana ɗaukar wannan ba tare da ya yi gumi ba.

Abin da nake yarda in ƙara kuɗi a kansa shi ne RSS. Tsohon kati layi ɗaya gare shi, duk fakitin da ya shigo kan furosesa ɗaya yake tasa. Sai ka ga saba mai kai takwas tana nishi, ka duba ka tarar kai ɗaya ne ya cika, bakwai suna zaune. Kati mai RSS yana duba adireshi da lambar ƙofar kowane fakiti, ya rarraba haɗe-haɗen a layuka da yawa, kowane layi da kansa. Intel i210 na da layi 4, i350 na da 8 a kowace ƙofar kebul. Wannan ma saukewa ce, amma irin wadda nake so: katin rabo kawai yake yi, bai riƙe sirrin kowa ba. A cibiyar jarrabawa mai kujeru 250, inda kowa ke danna farawa kusan lokaci guda, wannan rabon ya fi min duk wani TOE. Sai dai a kula, in layin intanet ɗinku ta PPPoE yake shigowa, wato tsarin da ke naɗe kowane fakiti cikin wani kunshi, katuna da yawa ba sa iya leƙa cikin wannan kunshin, sai komai ya sake taruwa a layi ɗaya. A irin wannan hali furosesa mai saurin kai ɗaya ya fi mai kawuna da yawa.

Kwanakin baya wani ɗalibin kwalejin kimiyya da ke koyon aiki a wurina ya buɗe Wireshark, manhajar kallon fakitoci, a kan saba, ya juyo fuskarsa a tashe. Ya ce, "Malam, ku zo ku gani, duk fakitocin da muke aikawa a lalace suke." Na leƙa, layuka sun jeru, kowanne na cewa lissafin tantancewa bai yi daidai ba, ga wasu fakitoci da girmansu ya ninka 1500 sau da yawa. Na ce masa ya ɗauki laftof ɗinsa ya kama fakitocin daga ɗaya ɓangaren, wato bayan sun fito daga kebul. Ya yi, ya ga komai lafiya lau. Wireshark yana ganin fakitin ne kafin ya isa kati, lokacin ba a cike lissafin ba, ba a yanyanka shi ba. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Ashe abin da kwamfuta ke nuna mana ba shi ne ke bin waya ba." Wannan shi ne farashin da ake biya ko a saukewa mai kyau: wani yanki na aikin ya koma inda idonka ba ya kai.

Wani lokacin kuma farashin ya fi haka. Akwai wata makaranta ta wajen Yelwa da sabarsu ke ɗauke da kwamfutocin cikin kwamfuta guda uku, tana amfani da katin da ya zo a jikin allonta. Kullum da an fara kwafe bayanan ajiya da yamma, sai netwok ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo, ya sake ɗaukewa. An canza kebul, an canza siwic, shugaban makarantar har ya fara maganar sayen sabuwar saba. Da na buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, sai ga saƙo yana maimaita kansa, direba na cewa katin ya sage, an sake tayar da shi. Na duba abin da ke kunne da ethtool -k, na kashe tso da gso, takwaransa na cikin manhaja, da ethtool -K, na ce a sake kwafewar ina tsaye. Ta tafi har ƙarshe ba ko tuntuɓe. Na buɗe top ina kallon furosesa, ƙarin da ya samu bai kai a tsaya magana a kai ba. Shugaban ya ce, "Injiniya, shi ke nan abin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ke nan, amma a sa kati na daban a kasafin zango mai zuwa." Aikin da aka ce katin zai sauke wa furosesa, furosesan ya ɗauke shi bai ma sani ba.

Shi ya sa in zan zaɓi kati, direbansa nake fara tambaya. Shin yana cikin Linux ko FreeBSD tun asali, ko sai na je wani shafi na sauko da shi, in sake haɗa shi duk lokacin da aka sabunta? Katunan i210 da i350 suna tafiya da direban igb, X520 da X540 da ixgbe, na Mellanox da mlx4 ko mlx5, duk suna ciki, kuma dubban mutane sun riga sun ci karo da matsalolinsu an gyara. Mellanox ɗin nan Nvidia ta kammala sayensa a 2020, amma tsofaffin ConnectX ɗinsa suna nan a kasuwar na hannu da sauƙin kuɗi. Katunan Realtek da ke zuwa a yawancin kwamfutocin tebur ba na raina su, sun ishi kwamfutar ɗalibi ko ta ofis. A saba ko rauta ne ba na dogara da kati mai layi ɗaya.

Sai zafi, wanda babu mai talla da zai ambata maka. Katin gigabit 10 mai ƙofofin waya irin X540 yana cin sama da wat 10, kuma ƙarfen sanyayawar da ke kansa an yi shi ne don akwatin saba mai fankoki masu hura iska daga gaba zuwa baya, a ɗaki mai sanyi. Mu kuwa sai mu cusa shi a akwatin tebur, a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke hutawa da zarar an koma kan inbata, a watan Maris ko Afrilu lokacin da garin ke neman digiri 40. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a tsakanin haƙoran ƙarfen. Na sha taɓa irin wannan katin da bayan yatsa in janye da sauri. Saboda haka in tazarar gajeriya ce, saba da siwic a kabad ɗaya, na fi son kati mai ramin SFP+, inda ake cusa ƙwayar haɗi, irin X520 da gajeren kebul ɗin tagulla na DAC, wanda wutar da yake ci kaɗan ce. In tsakanin gini da gini ne, faiba, wadda ke da ƙarin fa'idar cewa tsawar damina ba ta bin ta. Kowane wat da ka rage, batir ne ka ƙara wa kwana. Kuma ƙaramar fanka ta milimita 40 da aka ɗaure a kan kati ta ceci netwok fiye da yadda ake zato. Abu ɗaya game da X520: direbansa yakan ƙi karɓar wasu ƙwayoyin SFP+ da ba na Intel ba, sai an ba shi izini da allow_unsupported_sfp. A san da wannan kafin a yi odar kaya daga Legas.

A duba ramin PCIe ma, wato inda ake cusa katin a allon kwamfuta. X520 na PCIe 2.0 ne mai layi 8, kowane layi megabait 500 a daƙiƙa. Ƙofa biyu na gigabit 10 suna neman kusan megabait 2,500. In ka sa shi a ramin da tsawonsa ya isa amma layi 4 kawai aka haɗa masa, 2,000 za ka samu, kuma babu wani saiti da zai ƙara maka. Umarnin lspci -vv zai nuna maka layi nawa aka yi yarjejeniya a kai.

Jabu kuwa, i350 mai ƙofa huɗu yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya. Kwamfuta za ta gane shi da sunansa daidai, don haka sunan ba hujja ba ne. Ni nakan juya shi a hannu in dubi tsabtar dalma, in dubi rubutun da ke kan baƙaƙen akwatunan da ke bayan ƙofofin, in nemi lambar kayan kamfanin saba irin Dell ko HP, domin wanda aka ciro daga tsohuwar saba ya fi kwanta min a rai a kan sabo fil a leda mai arhar da ta wuce hankali. Bayan haka in sa shi a na'ura, in kunna iperf3, manhajar gwajin gudun netwok, a duk ƙofofin, in bar shi tun azahar har bayan la'asar, lokacin da ɗakin ya fi zafi, sannan in duba ethtool -S ko akwai fakitin da ya zube. Da mai kawo min kaya mun yi sharaɗi tun farko: sai ya ci wannan jarrabawar ciniki ya faɗa.

Ba na musun cewa akwai inda kati mai wayo ke biyan kuɗinsa. Netflix ta nuna a 2021 cewa saba ɗaya mai FreeBSD na iya fitar da kusan gigabit 400 na bidiyo a ɓoye, da taimakon katin ConnectX-6 Dx da ke yin ɓoyewar TLS da kansa. Amazon ta gina tsarinta na Nitro a kan katunan da ke ɗauke aikin netwok da na ajiya daga furosesa. Masu haɗa manyan rumbunan ajiya suna amfani da RDMA, inda kati ke zuba bayanai kai tsaye cikin RAM ɗin wata na'ura ba tare da furosesa ba. Amma ko a wannan misalin na Netflix, lura da abin da aka miƙa wa kati: lissafin ɓoyewa ne, TCP ɗin yana hannun FreeBSD. Kuma su suna da injiniyoyin da ke gyara direba da hannunsu, suna sayen kati dubbai, kamfani na amsa kiransu. SR-IOV, wanda ke raba kati ɗaya ya zama kamar da yawa don kowace kwamfutar cikin kwamfuta ta samu nata, shi ma yana aiki, sai dai yana wahalar da ɗauke ta daga wannan saba zuwa waccan tana kunne. A gigabit 1 ban ga abin da zai sa in ɗauki wannan wahalar ba, virtio, katin da ake kwaikwaya cikin manhaja, ya wadatar.

A makarantar nan ta Yelwa, abin da muka tsaya a kai shi ne i350 na hannu a saba, da TSO da RSS a kunne, sai wani irinsa a rauta da TSO da LRO a kashe, da CAKE a bakin layin intanet. Wanda zai bi wannan hanyar ya tuna cewa abin da aka saita da ethtool -K ba ya zama. Da na'urar ta mutu ta tashi, komai ya koma yadda ya zo. A garin da wuta kan ɗauke ba sallama, kuma inbata kan gaji kafin asuba, wannan na nufin gyaranka ba zai kwana ba. A rubuta shi a fayil ɗin saitin netwok, a Debian layin post-up ne a cikin /etc/network/interfaces, sannan a kashe sabar da gangan a kunna, a sake buga ethtool -k a tabbatar kafin a kulle ɗakin.